Baƙin Ruwa: Tafiyata Zuwa Yawuri

Tun da jirgin nan ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, a ƙarshen Nuwamban 2021, ya yi sanadin rasuwar aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su je Mauludi, ban ƙara yarda na sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Ni malamin makaranta ne a Kano, yaran da suka rasu kuwa sa'annin waɗanda nake koyarwa ne. Shi ya sa da wani tsohon abokina, ma'aikacin lafiya a Yawuri, ya kira ni ya ce ƙanensa zai yi aure, kuma a tsallaken kogin Kwara za a ɗaura, sai na yi shiru har ya tambaya ko layi ne ya katse. Na ce ina jin sa. Ya ce, "Kai dai ka taho. Kawuna ne zai haye da mu, shi kuwa in ruwa bai yi masa ba, ko wa ya zo ba ya tayar da inji."

Ranar wata Laraba cikin Janairu na bar Kano bayan sallar Asuba, hunturu na busawa har direbanmu sai da ya naɗe kunnuwansa da rawani. Hanyar Birnin Gwari zuwa Kontagora ita ce yanke, amma a 'yan shekarun nan direbobi ba sa marmarin binta saboda 'yan bindiga, sai muka yi zagaye: Malumfashi, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, sannan Sakkwato. Naira 17,000 na biya, mu shida a ƙaramar mota. Daga Funtuwa har muka wuce Tsafe ba mai hira, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirga su tun kafin Gusau. A ɗaya aka sauke mu gaba ɗaya aka duba jakunkuna, sauran kuma leƙawa ce kawai a ɗaga hannu. Na kwana a wani ƙaramin masauki a Sakkwato kan naira 9,000, ba wuta sai ta janareta zuwa sha biyun dare, ruwan wanka a bokiti mai sanyi kamar ƙanƙara. Washegari muka bi ta Bodinga, Shagari, Tambuwal, muka ratsa Aliero inda buhunan albasa suka yi layi a bakin titi, sai Jega da Koko. Ana kiran La'asar na sauka a Yelwa, babban garin Yawuri.

Ko jakata ban ajiye ba na ce a kai ni in ga ruwan. Mutumin da iyakar saninsa Challawa da Tiga da kududdufan cikin gari, in ya tsaya a gaɓar Kwara sai jikinsa ya yi sanyi. Hazo ya lulluɓe tsallake, ba a ganin komai sai inuwar gungu, wato tsibiri, a tsakiya da kwalekwale ɗaya ko biyu kamar ƙudaje a faifai. Abin da ya fi ba ni mamaki launinsa ne. Na zo da tunanin zan ga jan ruwa mai laka irin wanda muke gani da damina, sai na tarar da ruwa mai duhu, garau, har ina hango yatsun wata mata da ke wanke tukunya a ciki. Kuma a cike yake maƙil, alhali rabon da a ga ɗigon ruwan sama an fi wata uku. Na ce wa abokina, ruwa a tsakiyar rani daga ina?

Ya ce ai wannan shi ne baƙin ruwa. Sau biyu Kwara ke kawowa a shekara. Na farko farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar ƙasashen kusa ne da rafuka ke kwasowa da laka, shi ya sa yake yin fari fat kamar an dama koko. Na biyu kuwa baƙo ne daga nesa. Ruwan saman da aka yi a tsaunukan Gini, inda kogin ya samo asali, shi ke gangarowa ta Bamako, ya bazu a wata makekiyar fadama a Mali wajen Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya yana zubar da lakarsa, sannan ya biyo ta kusa da Tambutu, ya wuce Yamai da Gaya ta Nijar, bai iso ƙasar Kebbi ba sai hunturu ya kankama. Na tsaya ina kallon ruwan da aka yi samansa tun ina hutun ƙarshen zango, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, yanzu ne yake wucewa ta gabana.

Can gefe akwai wani lungu da ruwa ya shiga ya kwanta, ba zurfi, ciyayi da ganyen bado sun kewaye shi, yara kusan goma suna ta iyo suna ihu. A idona babu wurin da ya kai shi aminci. Na tuɓe takalmi zan wanke ƙurar hanya, sai abokina ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, nan ne kaɗai ba zan bar ka ka taka ba." Ya samo kara ya juyo wani ganye. A bayansa ga wasu 'yan dodon koɗi guda uku manne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, kalar ƙasa, in ba an nuna maka ba sai ka ce datti ne. Ya ce waɗannan su ne gidan tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗin, bayan 'yan makonni tsutsotsin da ido ba ya gani su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga, ko da wanki ne ko alwala. Ba sai ka sha ba. Su kuma dodon koɗin ba sa son ruwa mai gudu, sun fi son irin wannan kwantaccen mai ciyawa, wato daidai inda uwa za ta ce wa ɗanta ya tsaya don kada ruwa ya ja shi. Tsakiya kuwa, inda ba su da yawa, can ne ƙarfin ruwa ke ɗauke babba ma balle yaro.

Ya ce abin da ke ci masa rai a wurin aiki shi ne har yanzu akwai iyayen da in yaro ya fara fitsarin jini sai su ɗauka alamar girma ce, su yi shiru, cutar ta yi shekaru tana cin mafitsara. Alhali maganinta, praziquantel, 'yan ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya. Ruwan wanka kuma in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, ko aka tafasa, tsutsotsin sun mutu. Na mayar da takalmina ina tunanin ɗalibaina nawa ne ke zuwa aji da jiƙaƙƙen wando a lokacin zafi.

Da daddare aka kawo tuwon shinkafa da miyar ragon ruwa, kifin da aka kamo da safiyar ranar, tsokarsa fara sol, ba ƙarnin nan da muka saba ji a wanda ya sha hanya kafin ya iso Kano. Muna cikin ci Kawu ya yi sallama. Dattijo ne siriri, ya doshi saba'in, tafin hannunsa kamar fatar kirgi. Cikin Gungawa aka haife shi, a wani gungu da yanzu babu shi. Yana yaro aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da ƙauyuka da tsibirai masu yawa, aka kwashe mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Yelwa tana can ƙarshen tafkin ta arewa. Ya ce ranar da suka bar gungunsu, kakarsa ta ƙi waiwayawa har suka sauka.

Na ce, "Baba, yanzu da ruwa ya cika haka, ai kakarku ta yanke saƙa, kifi sai wanda kuka zaɓa."

Ya girgiza kai. "A'a Malam. Cikar ruwa daɗin mai jirgi ce, masunci kuwa wahalarsa ce. Kifi ya samu fili ya watsu, ya shige ciyawa. Ga sanyi, ya sauka ƙasa ya lafe. Ga ruwan garau, ragar kalli ma yana hango ta ya kauce. In kana son ganin kifi ka dawo da bazara, ruwa ya ja baya, ya matse su wuri guda." Daga nan ya shiga jero mini su kamar mai kiran sunan 'ya'yansa: giwan ruwa, yauni, ramboshi, tarwaɗa, ƙurungu, ƙarfasa, tsage mai haƙora, da minjirya wadda in ka taɓa ta sai ta girgiza ka har kafaɗa. Ya ce yana saurayi an sha kamo giwan ruwan da sai mutum biyu sun rataya shi a sanda, yanzu kuwa sai a yi wata bai ga wanda ya kai cinyarsa ba. Laifin ya ɗora shi kan taru mai ƙananan ido, har da masu jan gidan sauro a bakin gaɓa, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba. Da ya zo nan muryarsa ta canza. Sai da aka ɗauke kwano sannan ya ce gobe da an idar da Asuba yake son mu tashi, don ruwa da sassafe barci yake yi, in rana ta ɗaga iska za ta tashe shi.

Ba mu tashi da Asuba ba. Sha'anin biki ne: wata gwaggo ba ta iso ba, ana jiran buhun shinkafa, ana neman wanda ya riƙe goro. Sai wajen tara da rabi muka hallara a tashar jirgi, mu kusan talatin da kaya. Kafin nan iska ta taso daga arewa maso gabas, hazo ya ƙaru. Kawu ya tsaya a gaɓa hannuwa a baya, ya daɗe bai ce uffan ba. Na matsa kusa na ce me yake dubawa. Ya nuna mini can tsakiya, ya ce in lura da kan igiyoyin ruwan. In suna tashi suna kwanciya baƙaƙe, ana iya tafiya. In suka fara yin farin kumfa a ka jefi-jefi, a rage kaya. In farin ya game ko'ina, sai a koma gida ko da gawa za a kai. Ranar jefi-jefi ne. Sannan ya ce a shiga ya gani. Da muka zauna, ya durƙusa ya auna da hannunsa daga bakin katakon jirgi zuwa ruwa, bai cika taƙi biyu ba. Ya miƙe ya ce sawu biyu za a yi.

Nan fa surutu ya tashi. Wani baffan ango ya ce man fetur na sawu biyu wa zai biya, ga Juma'a na matsowa. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce, "Alhaji, ni na ga ranar Wara da idona. Ba zan ƙara kwasar gawa da hannun nan ba in ina da iko." Wurin ya yi tsit. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya faru a watan Mayun 2021, lokacin da wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, 'yan kaɗan ne suka tsira. Muka haɗa naira 12,000 na ƙarin mai. Muna cikin sauke kaya wani jirgin haya ya wuce mu, babura uku a kwance a kan buhuna, mutane a kan baburan, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsu huɗu ba. Har ya ɓace cikin hazo ban daina binsa da ido ba.

Rigunan kariya shida ne a jirgin Kawu. Na ɗauki ɗaya na ɗaure ta tamau. Wata dattijuwa da aka miƙa wa ta ture, ta ce ita ba za ta sa rigar da ke kiran mutuwa ba. Abokina ya rusuna ya ce, "Iya, ai kin ɗaure akuyarki jiya kafin ki kwanta, kuma kin san Allah ne mai tsarewa." Ta yi murmushi ta karɓa, ta sa a kan mayafinta.

Na zauna kusa da Kawu a baya, a nan na ga karatun da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ni ruwa ɗaya nake gani, shi kuwa hanyoyi yake gani a ciki. Ya nuna mini wani wuri da fuskar ruwan ta yi sumul kamar an zuba mai, da 'yar tattara a gefe guda. Ya ce kututture ne a ƙasa, ruwa na hawa kansa yana sauka. Itatuwan da tafkin ya shanye tun 1968 da yawansu suna nan tsaye, da bazara sukan fito a gan su a kauce, amma a irin wannan cikar sai su ɓuya kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Inda launi ya yi haske, tudun yashi ne. Inda ruwa ke juyawa yana tara tarkace, rami ne mai zurfi. Wani sashe mai dogayen ciyayi ya yi masa nisa sosai, ya ce dorina na kwana a wurin, kuma mai ɗa ba ta da haƙuri. Da muka kai wani fili da ba komai a kai sai ruwa, ya sassauta inji, ya ce, "Nan tsamiyar ƙofar gidanmu take." Ya karkata jirgin ya kewaye ta.

A gabana akwai wani ɗan kasuwar kifi mutumin Gaya, abokin gidan amarya. Da ya ji muna maganar farin ruwa, ya ce su a Nijar ja suke ce wa ruwan damina, don da jar ƙasa yake zuwa musu. Ya ce a Yamai akwai ma'auni a kogin, kuma in ruwa ya fara hawa ana sanarwa a rediyo da launi: rawaya, ruwan lemo, sannan ja, kowa ya san in an ce ja to na bakin gaɓa su kwashe. Bayan na dawo na bi diddigin maganar, na samu haka ne. Matakin ja yana farawa ne daga santimita 620, a daminar 2020 kuwa ruwan ya doshi mita 7, ya shiga unguwanni. Hedikwatar hukumar ƙasashen da ke amfani da kogin ma a Yamai take.

Mun wuce rabi ke nan inji ya yi wata irin ƙara ya mutu. Wata tsohuwar kalli da aka yasar ce ta naɗe farfela. Nan take iska ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa gefe, ta farko ta mare mu ta zubo ciki har idon sawu. Mata suka sa salati. Wani saurayi ya yunƙura zai miƙe, Kawu ya daka masa tsawar da ban zaci tana cikin ƙirjin dattijon ba: "Zauna! Kada wanda ya motsa!" Ya fizgi filafili ya dinga sara ruwa ta gefe guda har hancin jirgi ya koma ya fuskanci igiyar. Yaronsa ya kwanta rub da ciki a kan inji, rabin jikinsa a waje, yana yankan zaren da wuƙa, wani kuma na kwashe ruwa da yankakkiyar jarka. Ni dai na riƙe katako har farcena ya shiga ciki, ba abin da ke zuwa mini sai yaran Badau. Ba na jin an yi minti biyar, amma na karanta duk abin da na haddace. Da inji ya tashi, Kawu ya dube ni ya ce, "Malam, da mu talatin ne da shinkafa, wannan marin na farko ya ishe mu."

An ɗaura aure bayan Juma'a a wani ƙauye ta ɓangaren Agwara, sawu na biyu ya iso ana raba goro. Da yamma iska ta kwanta, mutane suka so komawa, Kawu ya dubi rana ya ce duhu zai riske mu a tsakiya, shi kuma ba ya tuƙin dare, ko da hukuma ba ta hana ba, balle ta hana. Muka kwana a zaure kan tabarmi, sanyin bakin ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, na rufa da babbar rigata. Barci bai zo ba. Na yi ta juya abin da na gani: duk wannan sanin a kan mutum ɗaya yake, dattijon da ya doshi saba'in, kuma in ba ka yi sa'ar shiga jirginsa ba, ba ka da rabo a ciki. Matar da ta zo tasha da goyo za ta kasuwa ba ta da hanyar sanin yau ruwa na tafiya ne ko na zama. Na yi ta raya cewa da kowace tasha za a kafa sanda, sarkin ruwan wurin ya duba da safe ya ɗaga tuta, kore ko rawaya ko ja, a kuma shafa layin fenti a jikin kowane jirgi wanda in ya nutse fasinja da kansa zai ce a rage kaya. Da safe na faɗa wa Kawu. Ya ce fenti ba shi da tsada, abin da ke da wuya shi ne a samu wanda zai iya ce wa mai kuɗin mai a'a.

Mun dawo da sanyin Asuba, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, masunta na jefa birgi yana buɗewa a sama ya faɗa ba ƙara. A kasuwar Yelwa na sayi bandar tarwaɗa ta naira 15,000 aka ɗaure mini a kwali. Na je sallama da Kawu na tarar yana toshe wata tsaga a cikin jirgi da tsumma da kwalta. Na miƙa masa ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓa, sai da na ce na ƙarin rigar kariya ne sannan ya sa hannu biyu.

Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, kwana ɗaya a Sakkwato, na iso Kano daren Lahadi. Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na bi ta kududdufin da ke bayan unguwarmu, wanda ɗalibaina ke faɗawa da zarar zafi ya shigo. Ruwan ya ja baya, ya yi kore, kainuwa ta rufe gefe ɗaya. Na karyo kara na tsuguna na juyo ganye na farko, ba komai. A bayan na huɗu na same su, guda biyu, kalar ƙasa, manne da juna. Na sa su a murfin kwalba na tafi da su, ranar Talata na ɗora a kan teburin aji na ce kowa ya taso ya gani.